Yadda Ake Binciken Ƙorafi a Kan Gidan Riƙon Yara a Amurka

A wajenmu idan aka ba goggo ko kaka riƙon yaro, magana ce ta cikin gida, babu takarda, babu mai zuwa ya leƙa inda yaron yake kwana. A Amurka kuwa, da zarar kotu ta raba yaro da iyayensa saboda cin zarafi ko sakaci, alhakinsa ya hau wuyan gwamnati har ranar da zai koma gida ko ya samu matsuguni na dindindin. Gidan bare da za a ajiye shi sai yana da lasisi. Gidan dangi ma, in ana so a riƙa biyan su kuɗin kula da yaron daga asusun tarayya, sai an tantance shi. A ƙarshen Satumban 2022 yara kusan 368,000 ne ke hannun mariƙa da cibiyoyi a faɗin ƙasar, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku suna wajen danginsu ne.

Kowace jiha da nata ƙa'idojin, saboda haka zan fi jingina da Kalifoniya, inda tun 1 ga Janairun 2017 aka haɗe tantancewar dangi da ta bare a tsari ɗaya. Gidan da gunduma ta tantance, ita ke bincikensa idan ƙorafi ya taso. Wanda ke ƙarƙashin hukuma mai zaman kanta kuwa, sashen lasisi na jiha ne ke zuwa. Wannan jagora ta mai binciken ƙorafin ce, amma mariƙi da tafinta da ɗalibin aikin walwalar jama'a duk za su samu abin ɗauka.

Mu ƙaddara wani misali da za mu riƙa komawa gare shi. Ranar Talata wata malamar firamare ta kira. Yaro ne ɗan shekara 7, shi da ƙanwarsa 'yar wata 10 suna hannun kakarsu. Malamar ta ga shati a damtsensa, kwana 3 a jere yana cewa bai karya ba, kuma ya ambaci wani kawu da ke kwana a falo.

Mataki na 1: Karɓi maganar yadda aka faɗe ta

Rubuta kalmomin mai kiran, kada ka gyara masa su. "Na ga shatin yatsu huɗu a damtsen hagu" daban yake da "ana dukan yaron". Tambaye shi me ya gani da idonsa, me aka gaya masa, wa ya gaya masa, yaushe. Tambayi inda yaron yake a daidai wannan lokacin. Malamai da likitoci da ma'aikatan jinya doka ta wajabta musu kai rahoto idan suka yi zargin cin zarafi. A Kalifoniya waya za su buga nan take, takarda ta biyo baya cikin awa 36. Sunan mai ƙorafi sirri ne, ka tabbatar masa da haka.

Wani ƙorafin daga iyayen yaron yake zuwa, waɗanda zuciyarsu ke tafasa don an raba su da ɗansu, wani kuma daga maƙwabcin da ake 'yar tsama da shi. Wannan ba dalilin watsar da maganar ba ne. Mai ƙiyayya ma yakan ga gaskiya.

Mataki na 2: Raba zarge-zargen, kowanne da hanyarsa

A kiran malamar nan zargi uku ne, kuma ba jinsi ɗaya ba ne. Shatin damtse zargin cin zarafi ne, aikin hukumar kare yara, wani lokaci har da 'yan sanda. Rashin karin kumallo yana iya zama sakaci, yana iya zama gazawa wajen cika ƙa'idar kulawa. Kawun da ke kwana a falo kuwa tsantsar maganar lasisi ce: baligi ne a gidan da hukuma ba ta san da shi ba.

Rarrabewar ita ke nuna maka saurin da za ka yi. Hukumar kare yara a Kalifoniya tana fita cikin awa 24 idan haɗarin na nan take ne, in ba haka ba cikin kwana 10. Mai binciken lasisi shi ma doka ta ba shi kwana 10 ya isa gidan, sai dai in ya tabbata ƙorafin ba shi da wani tushe ko an shirya shi ne don muzguna wa mariƙin, ko kuma zuwansa zai ɓata binciken wata hukuma. Kwana 10 iyaka ce ta ƙarshe. Inda akwai jaririya a gidan da ake zargin duka, ni dai ba zan kwana ban je ba.

Kira takwaranka na hukumar kare yara ku tsara wa zai fara, wa zai tambayi wa. Babu abin da ya fi ɓata bincike kamar mutum uku su yi wa yaro tambaya ɗaya a rana uku. Sanar da jami'in da ke riƙe da shari'ar yaron. Idan yaron ɗan ƙabilun asalin Amurka ne, dokar 1978 da ta kare 'ya'yansu ta ba ƙabilarsa bakin magana a shari'arsa, saboda haka a sa ta cikin lissafi tun farko.

Abu ɗaya kuma: wanda ya tantance gidan ya ba shi lasisi, ya fi kyau kada ya zama shi ne mai binciken. Mutum ba ya son ƙaryata kansa.

Mataki na 3: Karanta fayil kafin ka fita

Duba sunayen waɗanda aka rubuta suna zaune a gidan, yara nawa aka yarje masa, wace ƙa'ida aka sassauta masa da dalili. Duba ƙorafe-ƙorafen baya, har da waɗanda ba a tabbatar ba. Idan yara uku da ba su taɓa haɗuwa ba sun ce a shekaru daban-daban ana kulle su a ɗaki, ruwa ba ya tsami banza. Karanta rahoton ziyarar wata-wata da dokar tarayya ta wajabta wa jami'in yaron. Karanta tarihin lafiyar yaron, musamman magungunan da yake sha.

Mataki na 4: Yaron

Idan akwai zargin cin zarafi, yaron ake fara gani, kuma nesa da wanda ake zargi. Makaranta ta fi sauƙi. Idan zargin mai nauyi ne, kamar lalata ko mummunan rauni, ba kai za ka yi tambayar ba. A kai shi cibiyar da aka tanada don haka, inda ƙwararre ɗaya zai tattauna da shi a naɗi hoton bidiyo, sauran hukumomi su kalla daga wani ɗaki. An fara irin wannan cibiya a Huntsville ta jihar Alabama a 1985, don dai a daina wahalar da yaro da maimaita labari mai ciwo.

Inda kai ne za ka zauna da shi, sauko daidai tsayinsa. Gaya masa sunanka da aikinka, ka ce masa bai yi laifi ba. Koya masa abu uku kafin ku shiga magana: in bai sani ba ya ce bai sani ba, in bai gane ba ya ce bai gane ba, in ka yi kuskure ya gyara maka. Fara da abin da ba ya tsorata shi. Ka ce, "Ɗana, ba ni labarin safiyar yau, tun daga tashinka har ka iso aji." Sai ka yi shiru. Shirun nan shi ne rabin aikin, kuma shi ya fi wuya. Idan ya tsaya, ka ce, "Sai me ya faru?" Idan ka zo kan shatin, ka ce, "Na ga wani abu a hannunka, ba ni labarinsa." Kada ka ce, "Kaka ce ta doke ka, ko?" Yaro ɗan shekara 7 yakan ba babba amsar da ya ga kamar ita ake so, kuma da zarar ka sa masa magana a baki, ba za ka ƙara sanin wacce ce tasa ba.

Kada ka yi masa alkawarin da ba ya hannunka. Kada ka ce ba za ka gaya wa kowa ba, kada ka ce ba za a ɗauke shi ba. Yaron da aka taɓa ɗaukewa daga gida ya san abin da magana ke jawowa. Wani zai ɓoye duka don kada a raba shi da ƙanwarsa, wani zai ƙara gishiri don yana zaton hakan zai mayar da shi wajen mahaifiyarsa. Duka biyun tsoro ne ke magana, kuma ba a kiran ɗayansu maƙaryaci.

Ga da sauran yaran gidan, ɗaya bayan ɗaya, har da 'ya'yan mariƙin na cikinsa. Jaririyar da ba ta magana, jikinta da nauyinta da yadda take liƙe wa kakarta su ne bayaninta.

Mataki na 5: Shatin jiki aikin likita ne

Ɗauki hoto da izini, a haske mai kyau, da abin awo a gefen shatin, ka rubuta wuri da girma da siffa. Iyakarka ke nan. Kada ka yi ƙoƙarin faɗin kwanan rauni daga launinsa, bincike ya nuna hakan ba abin dogaro ba ne.

Amma ka san abin da ke buƙatar gaggawa. Yaro mai guje-guje ba ya rasa tabo a gwiwa da ƙwauri da goshi. Ƙa'idar da Dakta Mary Clyde Pierce da abokan aikinta suka fitar ta ce kwanciyar jini a gangar jiki ko kunne ko wuya ga yaron da bai wuce shekara 4 ba, ko a ko'ina ga jariri ɗan wata 4 zuwa ƙasa, ko shati mai siffar wani abu kamar bel ko waya, duk alamu ne da ke buƙatar likitan da ya ƙware a wannan fanni ya duba ba tare da jinkiri ba.

Ga masu baƙar fata akwai kuskure ta fuska biyu. Kwanciyar jini ba ta saurin fitowa a fatarmu, sai a wuce rauni na gaske ba a gani ba. Sannan jarirai da yawa 'yan asalin Afirka da Asiya ana haihuwarsu da shuɗi-shuɗin tabo a gadon baya da ɗuwawu, wanda bai sani ba sai ya rantse duka ne. Haka shatin ƙaho. Takardun asibiti na haihuwa sukan warware maganar shuɗin tabon cikin minti kaɗan.

Mataki na 6: Ziyarar gida, ba sanarwa

Dokar Kalifoniya ta ce ba a gaya wa mai lasisi abin da ƙorafin ya ƙunsa kafin lokacin ziyarar. Da ka isa, nuna katin aikinka, ka gaisa gaisuwa ta mutunci, ka faɗi abin da ya kawo ka a fili: "Mama, an kawo mana ƙorafi a kan abu uku, aikina ne in duba, kuma zan ji ta bakinki a kan kowanne." Za ta tambaye ka wa ya kai ƙara. Ka ce doka ta hana ka faɗa, ka tsaya a nan, kada fuskarka ta ba da amsa in ta fara jero sunaye. Ka kuma sanar da ita cewa haramun ne a huce a kan yaron ko wani da ake zaton shi ya yi magana. Idan Turancinta bai kai ba, nemo tafinta na hukuma. Ba a sa jikanta ya yi mata tafinta a maganar da ta shafe shi, ba a kuma sa kawun da ake bincike a kansa.

Sai ka zaga gidan ɗaki-ɗaki, gani ya kori ji. An ce babu abinci, to buɗe firij da kabad. Kada ka nemi irin abincin gidanku. Buhun shinkafa da wake da man gyaɗa da madarar jaririya abinci ne. An ce wani na kwana a falo, to dubi takalman da ke bakin ƙofa, ƙirga buroshin goge baki a banɗaki, dubi bayan kujera ko akwai naɗaɗɗiyar katifa, dubi sunan da ke kan wasiƙun da ke tebur. Danna na'urar gano hayaƙi ka ji ko tana ƙara. Dubi inda ake ajiye magani da sinadarin wanke-wanke. Tambayi ko akwai bindiga: ƙa'idojin lasisin gidan riƙo da gwamnatin tarayya ta fitar a Fabrairun 2019 don jihohi su yi koyi da su sun ce a kulle ta ba harsashi a ciki, harsashin ma a kulle a wani wuri daban. Ka ce a nuna maka inda kowane yaro yake kwana.

A misalinmu, a nan ka ga abin da ba ya cikin ƙorafin: babu gadon jariri, yarinyar a gadon kakarta take kwana. Waɗancan ƙa'idoji sun hana mariƙi kwana gado ɗaya da jariri saboda haɗarin danne shi ko toshewar numfashi. Wannan ba ya jiran rahoto. Ka kira ofis a kawo gadon kafin dare.

Mataki na 7: Saurari mariƙiyar, sannan ka gwada maganarta

Ba ta lokaci ta yi bayani ba ka katse ta ba. Kakar ta ce shatin nata ne, ba ta musa ba: ranar Lahadi yaron ya ruga zai tsallaka titi bin ƙwallo, ta cafko shi da ƙarfi. Ta ce tana dama masa kunu kullum, shi ne ba ya sha. Kawun ɗanta ne, aiki ya ƙare masa, wata 2 ke nan yana gidan. "Ɗana ne fa, sai in kore shi ya kwana a mota?"

Kada ka gaskata, kada ka ƙaryata. Fita ka gwada. Wa ke wurin ranar Lahadi? Labarin yaron da ka ji a makaranta ya yi daidai da nata? Likita ya ce siffar shatin ta dace da cafka? A fayil ka ga an fara ba yaron maganin rashin natsuwa wata guda da ya wuce, irin wanda aka san yana kashe sha'awar abinci, to kira likitan da ya rubuta shi, ka nemi awon nauyin yaron na watannin baya. Yi wa kawun tambayoyi shi kaɗai.

Ka tambaye ta kuma yadda take tsawata wa yaron in ya yi ba daidai ba. Tsohuwar da ta tarbiyyantar da 'ya'ya takwas da tsumagiya ba ta ganin laifinta, amma ranar da ta karɓi lasisi ta sa hannu cewa ba za ta doki yaron riƙo ba, ko da jikanta ne. Wasu daga cikin yaran nan bugu ne ya raba su da gida tun farko. Idan ba a taɓa yi mata wannan bayani da harshen da take ji ba, rubuta hakan, domin gazawar hukuma ce ita ma.

Mataki na 8: Raba haɗari da talauci

Nan ne masu bincike da yawa ke zamewa. Mariƙin da ba dangi ba ya shirya, ya yi kwas, ya gyara ɗaki kafin a kawo masa yaro. Kaka kuwa waya aka yi mata da tsakar dare aka ce ga jikokinki, za ki karɓa? Gidanta ƙarami ne, kuɗinta na fansho ne. Idan ka auna ta da mudun wancan, kullum za ta gaza, alhali yaron yana wajen wadda ta san sunan da ake kiransa da shi a gida.

Doka ma ta gane haka. Tun 2008 dokar tarayya ta yarje wa jihohi su sassauta wa dangi ƙa'idojin da ba su shafi tsaron lafiyar yaro ba, gida-gida, kamar faɗin ɗaki. A Satumban 2023 kuma aka fitar da ƙa'idar da ta ba jihohi damar tsara wa dangi ma'aunin lasisi nasu na daban. Saboda haka a kan kowace gazawa da ka gani, tambayi kanka: wannan zai iya cutar da yaron, ko kuwa rashin kuɗi ne kawai? In rashi ne, me hukuma za ta iya kawowa?

Sassaucin yana da iyaka. Binciken tarihin manyan gida ba ya cikin abin da ake yafewa. Dokar tarayya ta 2006 mai suna Adam Walsh ta wajabta ɗaukar hoton yatsun mai neman riƙo, da duba sunansa da na duk baligin da ke zaune a gidan a rajistar masu cin zarafin yara ta kowace jihar da suka zauna cikin shekara 5 da suka wuce. Kalifoniya tana neman kowane baligi na gidan ya wuce binciken laifuka. Kasancewar mutum kawu ba shaida ba ce a kan halinsa, kuma yawancin masu cutar da yara mutanen da yaran suka sani ne.

Mataki na 9: Yanke hukunci a kan kowane zargi shi kaɗai

Ma'aunin shi ne rinjayen hujja, wato faruwar abin ta fi rashin faruwarsa ƙarfi. Sakamako uku ne a Kalifoniya. An tabbatar, idan hujja ta rinjaya. Ba a tabbatar ba, idan abin yana iya yiwuwa amma hujjar ba ta kai ba. Ba shi da tushe, idan ƙarya ne ko ba zai yiwu ya faru ba. Kada ka fake a na tsakiya don gudun ɓacin ran wani. Ga mariƙin da ba shi da laifi, "ba a tabbatar ba" tabo ne da zai zauna a fayil, alhali wanda aka ce ba shi da tushe ana rufe shi a matsayin sirri.

A misalinmu, maƙwabciya ta ga cafkar, yaron ya ba da labari iri ɗaya, likita ya yarda: zargin dukan yaron ba shi da tushe. Yunwa ma haka, nauyinsa bai faɗi ba, likita ya ce a riƙa ba shi abinci kafin maganin. Zaman kawu ba tare da sanarwa ba, an tabbatar. Kwanan jaririya a gadon babba, ƙarin gazawa ce da ka gani da idonka.

A rahoton, rubuta abin da ka gani da abin da aka ce da lambar ƙa'idar da aka keta. "Gidan ƙazami ne" ra'ayi ne. "Kwanuka da ragowar abinci mai funfuna a kan teburin kicin" hujja ce.

Mataki na 10: Gyara, ko janye lasisi, sannan komawa

Yawancin abin da aka tabbatar da shirin gyara yake ƙarewa: me za a gyara, wa zai yi, zuwa yaushe. Ku rubuta shi tare da mariƙiyar, a sa har abin da ke wuyan hukuma. Kawu zai je a ɗauki hoton yatsunsa cikin makon nan, kafin sakamako ya fito zai koma wajen wani ɗan'uwa, kuma ba za a bar shi da yaran shi kaɗai ba. Idan kuwa abin da aka tabbatar cin zarafi ne, ko an maimaita gazawa mai haɗari bayan gargaɗi, sai a kwashe yaran, a dakatar da kai wasu, a fara shirin janye lasisin. A nan tausayin tsohuwa ko daɗewar mariƙi a aiki ba ya shiga.

Inda babu haɗari na nan take, ba a ɗauke yaro da garaje. Dokar Kalifoniya ta ce a fara ƙoƙarin ceto zaman, in ya gagara a ba da sanarwar kwana 14 a rubuce, kuma ba a sauya wa yaro gida tsakanin ƙarfe 9 na dare da 7 na safe sai da amincewar waɗanda abin ya shafa. Ba mariƙin sakamakon a rubuce, ka bayyana masa haƙƙinsa na ɗaukaka ƙara da wa'adinsa. Wanda za a sa sunansa a rajistar masu cin zarafin yara ta jihar, inda tun 2012 rahoton da aka tabbatar kaɗai ke shiga, yana da damar neman a saurare shi. Sanar da mai ƙorafin cewa an kammala, gwargwadon abin da sirri ya bari.

Sa ranar komawa a kalanda tun kafin ka rufe fayil, ka kuma je ba sanarwa. Dubi gadon jaririyar ko da gaske a ciki take kwana, ko an mayar da shi wurin tara wanki. Dubi bakin ƙofa ko takalman kawun sun dawo kafin takardarsa ta fito. Sannan ka nemi yaron shi kaɗai, ka tambaye shi yadda gida yake tun bayan zuwanka na farko, da ko wani ya yi masa faɗa a kan abin da ya gaya maka.